Hawan Jinina Daga Ƙoda Ya Taso

Ina da shekara 29 aka fara ce min ina da hawan jini, lokacin ina ɗauke da cikin ɗana na biyu, wata bakwai. Nas ɗin awon ciki ta ɗaura min abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta mayar ɗaya hannun, sannan ta tashi ta fita ba ta ce min uffan ba. Sai da ta dawo da likita na ji lambar: 170 bisa 110. A ranar aka ba ni gado. Allah Ya sa na sauka lafiya, duk da sai da aka yi min aiki kafin lokaci, yaron kuma ya yi sati uku a kwalba. Kowa ya ce min jinin na ciki ne, da na yi arba'in zai sauka. Na yi arba'in, na yaye yaro, jini yana nan inda yake.

Ni tela ce a Aboabo, nan Kumasi. Kekuna uku gare ni a lokacin, da 'yan koyo huɗu. Wanda ya san ɗinki ya san goman ƙarshe na azumi ba a barci, kuma a irin wannan lokaci ne ciwon kai ke kama ni daga ƙeya, ya hauro har cikin ido, in ga zare ya zama biyu a bakin allura. Sai in aiki yarinya kemis ta sayo min diclofenac, in haɗiya in koma kan keke. Ban san ina ƙara wa ƙodata wahala ba ne. Sai daga baya aka gaya min shi da ibuprofen da danginsu suna tayar da jini, suna kuma rage jinin da ke isa ƙoda.

A asibitin unguwa da nake zuwa an fara ba ni amlodipine. Bai yi ba, aka ƙara bendro, mai sa fitsari. Bayan na yaye aka ƙara lisinopril, daga baya aka ƙara na huɗu. Duk wata in je, a gwada, a samu 160 ko 170 a sama. Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da wani likita ya dube ni ta saman tabarau ya ce ba na shan magani, wai haka matan zango suke, a ba su magani su ajiye a ƙarƙashin katifa. Ni da nake ajiye ƙwayoyin a kan sallayata don kada in manta bayan Asuba. Na fito ina hawaye, na shiga tirotiro har gida ban iya yi wa kowa magana ba.

A gida kuma kowa da nasa bayanin. Wasu su ce tunani ne, in rage sa abu a rai. Wata ta ja ni gefe ta tambaye ni ko Maigida na shirin ƙara aure ne. Mma, mahaifiyata, ta dage da sobolo marar suga, da tafarnuwa, da zogale, da ruwan firekese. Wata maƙwabciya ta kawo min jiƙo a gorar ruwa, baƙi ƙirin, ta rantse shi ya warkar da mijinta. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, ƙauna ce ta sa. Amma shekara biyu da rabi suka tafi a haka.

Ƙanena ne ya juya al'amarin. Yana karatun jinya, ya zo hutu, ya zauna a shagona yana duba katin asibitina shafi-shafi. Ya ce, "Yaya, wannan ba irin hawan jinin su Mma ba ne. An koya mana, in jini ya fara hawa kafin mutum ya kai talatin, ko kuma yana shan magani kala uku har da mai sa fitsari amma jinin ya ƙi sauka, to dole a nemo abin da ke tayar da shi." Shi ya raka ni muka roƙi takardar tura mu babban asibiti, muka kai ta Komfo Anokye, wanda duk ɗan Kumasi ya fi sani da Ji.

Likitar ƙoda da na gani mace ce, ba ta da yawan magana. Ta yi min tambayoyi da Tuwi, ta tambayi haihuwata, ta tambayi ko a danginmu akwai wanda jini ya kama da ƙuruciya, ta tambayi duk abin da nake haɗiya har da jiƙon maƙwabciya. Sannan ta ce in kwanta in ɗaga riga. Abin sauraron nan da na saba gani ana ɗorawa a ƙirji, ita a ciki ta ɗora min, sama da cibiya kaɗan, ta matsar da shi dama, ta ce in riƙe numfashi. Ta daɗe a wurin, idonta a rufe. Can ta cire daga kunnenta ta sa a nawa. Na ji bugun zuciyata, kuma tare da kowane bugu akwai wani shuu, shuu, irin ƙarar da ruwa ke yi in an taka tiyo da ƙafa. Ta ce, "Kin ji? Jini ne ke matsawa ta ƙuntatacciyar hanya." A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa sauraron cikina.

Bayanin da ta yi min ya zauna a kaina har yau, kuma shi ne abin da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. Kowace ƙoda tana da babbar jijiya da ke kawo mata jini daga uwar jijiyar da ta sauko daga zuciya. Aikin ƙoda ya wuce tace fitsari, ita ce kuma ke lura da ƙarfin jinin da ke zagaya jiki. In jijiyarta ta ƙuntata, jinin da ke isa gare ta sai ya ragu, ita kuma sai ta ɗauka jikin gaba ɗaya ne ya yi ƙarancin jini, kamar an yanke mutum yana zubar da shi. Sai ta saki wani sinadari da ake kira renin. Shi ne ke tada wasu sinadaran da ke matse jijiyoyin jiki, su kuma sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Jini ya hau. Ita ƙodar da ke bayan ƙuntatar har yanzu ba ta ƙoshi ba, sai ta ci gaba da kira. Ke kina ta shan magani don ki saukar, ita tana ta turawa sama. Ƙanena ya ce min tun 1934 wani likita a Amurka mai suna Harry Goldblatt ya nuna haka, ya matse jijiyar ƙodar karnuka da wani ɗan maƙali, jininsu ya hau. Wato ilimin ya girmi Mma, ni ce dai ban samu wanda ya tuno da shi a kaina da wuri ba.

Daga nan sai gwaje-gwaje. An ɗebi jini an duba kiriyatinin, wanda ke nuna yadda ƙoda ke tacewa, nawa yana daidai. Fotasiyam ɗina, wani sinadari da ake aunawa a jini, ya yi ƙasa, likita ta ce bendro na iya jawo haka, ita wannan cutar ma na iya jawowa. An duba fitsari. Sai hoton ciki na musamman da ke auna gudun jini a cikin jijiya, wanda aka ce in zo ba tare da na karya ba, saboda iskar hanji na tare hoton. Mai ɗaukar hoton ya fi rabin awa yana danna min abin a haƙarƙari yana cewa in ja numfashi in riƙe. Ƙodar hagu ta kai santimita 11, ta dama 9 da ɗan ɗori, kuma jinin da ke bi ta jijiyar dama gudu yake yi fiye da ƙima. Na ƙarshe shi ne hoton CT, wanda ake zuba wani ruwan rini ta jijiyar hannu. Kafin a zuba sai an tabbatar ƙoda za ta iya fitar da shi. Yana shiga za ki ji ɗumi ya ratsa ki daga maƙogwaro har mara, har ki zaci kin saki fitsari. Ba ki saki ba, haka yake yi wa kowa.

Ranar da na koma da sakamakon, likita ta juyo min da fuskar kwamfuta. Jijiyar hagu santal, kamar igiya. Ta dama kuwa daga tsakiyarta ta zama ƙulli-ƙulli, kumburi da matsewa, kumburi da matsewa. Kafin ta yi magana na ce, "Kamar carbi." Ta yi murmushi ta ce su ma a littattafansu da jerin duwatsun wuya suke kwatanta shi. Sunan cutar dogo ne, suna taƙaita shi da haruffa uku, FMD. Bangon jijiyar ne da kansa ke yin tsiro ba daidai ba, ya bar wasu siraran tantani a ciki suna tare hanya. Ta fi kama mata, da yawa tun suna da sauran ƙuruciya, kuma ba kitse ko cin mai ke kawo ta ba. Ta ce a cikin masu ƙuntatar jijiyar ƙoda, kusan tara cikin goma nasu daskarewar kitse ce a bangon jijiya, irin ta manya. Irin tawa ita ce ragowar.

Ta shimfiɗa min hanyoyi uku. Ta farko in ci gaba da magani kawai, a yi ta gyara haɗin, ana sa ido a kan ƙodar kada ta ci gaba da ƙanƙancewa. Ta biyu a shiga da siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa ƙoda, a hura ɗan balan-balan a wurin da ya matse, ya yaga tantanin nan ya buɗe hanya. Ta uku tiyata sosai, a buɗe ciki a yi wa jinin wata hanya ta kewaye, kuma wannan sai in balan-balan ya gagara, ko ƙullin ya shiga cikin ƙananan rassa, ko jijiyar ta yi wani kumburin da ake tsoron fashewarsa. Akwai ma waɗanda ƙodar tasu ta riga ta shanye ta daina aiki sai tayar da jini, su cire ta ake yi. Ta ce ga mai irin tawa, da shekaruna, balan-balan ne shawararta, kuma yawanci ba a barin ragar ƙarfen nan da ake kira sitent a ciki, sai in jijiyar ta tsage ana cikin aiki. Ba ta yi min alkawarin warkewa ba. Ta ce wasu na rabuwa da magani ɗungurungum, da yawa kuma maganin ne ke raguwa, kuma gwargwadon ƙuruciyar mutum da ƙarancin shekarun da jinin ya yi yana hawa, gwargwadon kyakkyawan zato. Wannan maganar ta ƙarshe ta sosa min rai, don na tuna shekara biyu da rabin da na yi ina zarya da kati a hannu.

Ta kuma faɗi haɗarin ba ɓoye-ɓoye: zubar jini a inda aka huda, tsagewar jijiya, rinin ya taɓa ƙoda, ko bayan wani lokaci wurin ya sake matsewa a sake hurawa. Maigida na zaune yana ji. Da muka fito bai ce komai ba sai da muka kai Kejetiya, sannan ya ce, "Za mu yi. Allah Ya hore."

Maganar kuɗi ba zan ɓoye ta ba, don ita ce ke tsayar da yawancinmu. Katin inshorar lafiya ya ɗauke min ganin likita da yawancin ƙwayoyin hawan jini, kuma na gode wa Allah da shi. Hoton jijiya da aikin balan-balan kuwa daga aljihu ne. An haɗa mu da wani likita a Akra mai yin irin wannan aiki, aka ba mu lissafi. Na ɗauki adashina kafin zagayena ya zo, da yardar uwar adashi. Maigida ya karɓi bashi a wurin ubangidansa a Alabar. 'Yan'uwa suka yi ta turo abin da ya sawwaƙa ta waya, wani sidi hamsin, wani ɗari biyu. Da abin bai cika ba na sayar da babban kekena na lantarki, wanda na fi ji da shi. Na tsaya a ƙofar shago ina kallo aka ɗora shi a kan abobboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka tafi da shi.

Mun hau bas daga Asafo da sassafe, muka bi ta Nkoko da Nsawam, muka sauka wajen goggona a Nima. Washegari aka ba ni gado, aka sake ɗibar jini, aka ce kada in ci komai daga tsakar dare. Nas ta aske min gefen matsematsi ta shafa magani mai sanyi.

Ɗakin aikin sanyi ƙalau, gadon kuma siriri ne mai tauri, da wata ƙatuwar na'ura mai lanƙwasa tana shawagi a kaina. Ba a sa ni barci ba. Allurar kashe zafi aka yi min a matsematsin dama, ta yi min raɗaɗi kamar harbin rina, daga nan sai dannawa kawai nake ji. Na yi zaton zan ji bututun yana tafiya a cikina, ban ji komai ba. Ina ta karanta Hasbunallahu a zuci. Likitan yana yi min magana jefi-jefi, "Riƙe numfashi. Saki." Da na karkata ido na hango allon, sai ga jijiyata baƙa a kan fari lokacin da rinin ya shiga, ga carbin nan ƙuru-ƙuru. Ya ce yanzu zai hura, zan ji ciwo a kwiɓi, in gaya masa in ya yi yawa. Ciwon ya zo, mai nauyi, kamar an sa gwiwa an danne min bayan haƙarƙarin dama. Na ƙirga a raina har wajen talatin, sai ya saki. Ya matsa gaba kaɗan ya sake hurawa, ya sake. Sannan ya auna ƙarfin jinin gaba da bayan wurin, ya ce da irin wannan cutar ido kaɗai ba ya isa a ce hanya ta buɗe. Da ya gamsu ya zare komai, wani ya sa hannu biyu ya danne hudar da ƙarfinsa wajen minti goma sha biyar.

Abin da ya fi aikin kansa wuya shi ne kwanciyar bayansa. Awa shida a miƙe, ba lanƙwasa ƙafar dama, ba ɗaga kai sosai, ga ruwa ana ta ɗura min don rinin ya fita, ga fitsari ya matsa. Goggo ta zauna a gefena tana ba ni ruwa da cokali tana cewa, "Sannu 'yar nan, sannu, an gama mai wuyar." Da daddare nas ta gwada jinina ta samu 138 bisa 88. Na ce ta sake. Ta sake, haka ya nuna. Rabon da in ga lamba irin wannan tun kafin cikin ɗana.

Ba a tsayar min da magunguna rana ɗaya ba. A hankali likitata ta Kumasi ta yi ta zarewa tana kallon littafin awon da nake rubutawa safe da yamma. A wata na uku na dawo kan amlodipine kaɗai, da ƙaramin asfirin kullum. Ban rabu da magani gaba ɗaya ba, kuma na yarda da hakan. Daga huɗu zuwa ɗaya, ciwon ƙeya ya tafi, ƙodar dama ta daina ƙanƙancewa. Ta kuma tambaye ni ko ina jin wani shuu a kunne mai tafiya da bugun zuciya, don wannan cuta kan taɓa jijiyoyin wuya da na kai, shi ya sa ake so duk mai ita a ɗauki hotonsu ko sau ɗaya ne. Na tara kuɗi na yi, ba a ga komai ba, alhamdu lillahi.

To, daga nan ne na ɗauki abin da zafi. Duk wanda na ji yana kukan hawan jini sai in ce ya je a duba masa ƙoda a hura masa balan-balan. Wanda na fi matsa wa shi ne Kawu, yayan Mma, da ke Asawase. Shekararsa 67, ya yi rayuwarsa yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da Bawku, ya sha taba fiye da shekara talatin kafin ya bari, ga ciwon suga. Jininsa da ya daɗe yana zaune lafiya da ƙwaya biyu sai ya birkice a 'yan shekarun nan. Na ce, "Kawu, don Allah ka bi ni mu je." Ya ce, "Ke dai 'yata, tun da aka yi miki aikin nan kin zama likita." Amma ya bi ni.

Kuma aka samu. Jijiyar ƙodarsa ta hagu ta ƙuntata, sai dai tasa ba carbi ba ce. A bakin jijiyar ne, daidai inda ta rabu da uwar jijiya, kitse ya daskare ya yi tauri. Na riga na fara lissafin inda za mu samo kuɗi, sai likita ta ce ba za a yi masa aiki ba, magani za a gyara masa. Raina ya ɓaci. Na zaci don ta ga tsoho ne, ko ta ga ba mu da hali. Na ce mata, cikin ladabi amma muryata na rawa, ni an yi min na samu sauƙi, don me shi za a hana shi?

Ba ta ji haushi ba. Ta ce sunan ciwon ɗaya ne amma cutar biyu ce. Nawa tantani ne a jijiyar da sauran jikinta lafiya lau, aka yaga shi hanya ta buɗe. Na Kawu kuwa kitsen da ke bakin jijiyar ƙodarsa yana nan a jijiyoyin zuciyarsa da na ƙafafunsa da na wuyansa, ƙananan jijiyoyin cikin ƙodar ma shekaru da suga da taba sun riga sun taɓa su. Ko an buɗe bakin, abin da ke ciki ba zai koma sabo ba. Ta ce likitoci da kansu sun daɗe suna sa sitent ga irin su Kawu suna ganin dole ya yi amfani, har aka yi manyan bincike biyu. Ɗaya sunansa ASTRAL, yawancinsa a Birtaniya, da mutum 806, aka fitar da sakamakonsa a 2009. Ɗayan CORAL, yawancinsa a Amurka, da mutum 947, ya fito a 2014. A duka biyun an raba marasa lafiya gida biyu, wasu magani kaɗai, wasu magani da buɗe jijiya. Da aka bi su shekaru, waɗanda aka yi wa aikin ba su fi sauran tsira daga mutuwa ko bugun zuciya ko lalacewar ƙoda ba, ga kuma haɗarin aikin da suka ɗauka. Ta ce da mahaifinta ne ma abin da za ta yi ke nan.

Ta kuma gaya mana lokacin da za ta canja shawara, ta sa ni na rubuta. In ruwa ya taɓa cika masa huhu farat ɗaya, ya kasa numfashi cikin dare. In aikin ƙodar ya fara faɗuwa da sauri. In an haɗa duk magungunan da suka dace yana sha da gaske amma jinin ya ƙi. Ko in ƙuntatar ta yi tsanani a ɓangarori biyu. A irin waɗannan, ta ce, sitent na da gurbinsa, kuma ba za ta yi jinkiri ba.

Na koma gida ina juya maganar kwana da kwanaki. Da a ce hannuna ne ke yanke hukunci, da na sa an huda tsohon nan, an ci masa bashi, a kan abin da ba lallai ya ƙara masa komai ba. Yanzu in mutum ya tambaye ni, abin da nake cewa shi ne ya nemi a bincika dalilin hawan jininsa in alamun sun nuna, sannan ya tambayi likita wace iri ce tasa kafin ya sa rai da kowane aiki.

Maganin Kawu shi ma aiki ne ba ƙarami ba. An sa shi a kan losartan, wanda ke toshe hanyar sinadaran nan da ƙoda ke tayarwa, da amlodipine, da atorvastatin na rage kitsen jini, da ƙaramin asfirin, ga na suga. Bayan sati biyu da fara losartan sai da muka koma aka ɗebi jini, domin shi da lisinopril, duk da amfaninsu, suna iya durƙusar da ƙoda in jijiyoyin biyu duk sun ƙuntata. Likita ta ce in kiriyatinin ya haura da fiye da kashi 30 cikin ɗari, ko fotasiyam ya yi yawa, za a dakatar. Nasa ya ɗan motsa kaɗan ya tsaya. An gargaɗe shi in gudawa ko amai suka kama shi ya dakata da losartan ya kira asibiti, kuma ya rabu da maganin ciwon jiki na kemis in ba farasitamol ba. Da azumi ya gabato mun je tare mun tambaya, ta duba sakamakonsa ta gyara masa lokutan shan magani, ta ce ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, in ya ji jiri ko fitsari ya ragu ya karya.

Gishiri ne yaƙin da muke yi har yanzu, ni da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Mu kuwa a tukunya ɗaya za ka samu gishiri, da dunƙule uku, da kifin gishiri irin su momoni da kobi, ga shito a gefe. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne kanwa. Mai ba da shawarar abinci a asibiti ce ta ce min sinadarin da ke tayar da jini a gishiri yana cikin kanwa, mu kuma muna jefa ta a wake da miyar kuɓewa da ayoyo ba awo. Na koma jiƙa wake tun dare don ya nuna ba sai da ita ba, na ƙara daddawa da citta da albasa a miya. Satin farko yara sun yi ta tura kwano. Matar Kawu ta fi ni shan wuya, don shi in miya ba ta ji gishiri ba sai ya aika a sayo masa wace, wato shinkafa da wake, a bakin titi.

Saura magana ɗaya da ke gabana. Ina son ƙarin haihuwa, Maigida ma haka. Likita ta ce lisinopril da losartan ba sa haɗuwa da ciki ko kaɗan, suna lahanta jariri, kuma alhamdu lillahi na riga na rabu da nawa. Ta ce kafin in ɗauka a sake hoton gudun jini a tabbatar wurin bai koma ya matse ba, a duba maganin da nake kai, kuma awon cikina a babban asibiti zan yi tun daga watan farko. An ba ni ranar hoton bayan Babbar Salla.

Duk Juma'a bayan La'asar nakan ɗauki na'urar awona in tafi Asawase. Kawu na zaune a zaure a kan buzunsa, ya riga ya naɗe hannun riga. Littafi ɗaya muke amfani da shi, shafin dama nasa, na hagu nawa. Sai ya zauna shiru minti biyar kafin in gwada, kuma ba a magana in na'ura na aiki, wannan dokar ce ta fi yi masa nauyi. Juma'ar da ta wuce nasa ya nuna 142 bisa 80. Ya leƙa ya gani, ya gyaɗa kai, ya kwance abin daga dantsensa ya miƙo min. Ya ce, "To, kawo naki hannun, 'yata."